Fatar da Ta Daina Gumi

Na'urar da ake kira Masaƙar Fata ta fara ƙara ƙasa-ƙasa kamar keken ɗinki, sannan wani siririn haske shuɗi ya shiga bin hannun da aka ɗora a cikin kwamin gilashin. Ya bi kan yatsu, ya ratsa tsakaninsu, yana tsayawa a kan kowace tsaga don ya auna zurfinta. A allon da ke gefe hoton fatar ya fito, an ƙara masa girma sau dubu, sai ka ce ƙasan tafki a ƙarshen rani. Daga nan bakunan feshi goma sha biyu, kowanne bai kai kaurin gashi ba, suka sauko suka kama aiki.

"Sanyi nake ji, Auta," in ji Uwani, mai hannun. "Kamar an hura mini iska."

"Kada ki motsa, Yaya. Saura minti huɗu."

Wadda ta amsa ita ce ƙanwarta, Dakta Kubura Maiwada, shugabar sashen haɗe-haɗe a Kamfanin Raɓa da ke hawa na talatin da ɗaya a tsakiyar Garun Inuwa. Shekara ta 2094 ce. An gina birnin ne a ƙarƙashin wata makekiyar rumfar gilashi mai tace rana, bayan zafi ya kori mutane daga tsofaffin garuruwa. A cikin rumfar ma'aunin zafi ba ya wuce ashirin da biyar. A wajenta kuwa, inda gonar rana take shimfiɗe tafiyar awa guda a jirgi, yakan haura hamsin. Allunan wannan gona ne suke ba birnin wutar da yake sanyaya kansa da ita, kuma sai an goge su kullum. An taɓa kawo injinan gogewa, zafi ya riƙa narkar da wayoyinsu. Sai aka koma ga mata.

Uwani ta yi shekara ashirin da uku tana wannan aiki. Da shi ta riƙe Kubura bayan rasuwar iyayensu, har ta ga ta gama karatu. Ruwan sabulun da ake wanke allunan da shi ya cinye mata hannuwa. Kaushi ya hau su, faso ya tsattsage mata dugadugai, wani lokacin idan ta dunƙule hannu sai jini ya tsattsafo daga gaɓoɓin yatsu. Tun Kubura tana yarinya take ganin yayarta tana narka man kaɗanya a murfin gwangwani tana ɗigawa a tsagun tana cije leɓe.

"To wai me yake fesa mini?" Uwani ta tambaya.

Kubura ta ja kujera kusa. Babu abin da take so kamar a yi mata wannan tambaya.

"Ki ɗauki fata kamar katanga ce, Yaya. Ƙwayoyinta su ne bulo, akwai kuma wani maiƙo a tsakaninsu mai riƙe su kamar siminti. Sabulun wurin aikinku yana wanke wannan maiƙon, sai ruwan jiki ya riƙa tserewa, katangar ta tsage. Duk man da kika taɓa saya a kasuwa, abin da yake ƙoƙarin gyarawa ke nan. Gilisarin jawo ruwa yake yi ya ajiye a fata. Man kaɗanya da wani abu da ake kira siramid, su cike gibin suke yi, fata ta yi laushi. Basilin kuwa ba ya ƙara miki komai, murfi ne kawai, yana hana ruwan da ke ciki fita."

"Basilin na sani. Kafin hantsi ya tafi."

"Yawwa. Matsalar ke nan. Duka wankewa suke yi."

Abin da Kubura ta shafe shekara shida tana nema shi ne murfin da ba ya wankewa. Ta ɗauki dimetikon, wani nau'in silikon da aka daɗe ana sa wa a man shafawa don ya yi santsi ya kare fata, ta yi masa wasu 'yan ƙugiyoyi masu maƙalewa a jikin fatar kanta. Amma fatar mutum tana sabunta kanta kusan duk bayan mako huɗu, tsohuwar ta zube da duk abin da ke kanta. Don haka Kubura ta nemo wata bakteriya cikin waɗanda dama suke zaune a jikin kowa ba su cutarwa, ta sauya mata hali, ta koya mata saƙa sabon murfi duk lokacin da tsohon ya zube. A jikin murfin ta bar ƙofofi ƙanana, miliyoyi, don gumi ya samu hanyar fita. Kamfanin ya raɗa wa abin suna Lulluɓi. An gwada shi a jikin ma'aikatan ofis ɗari biyu na tsawon shekara guda, babu wanda ya yi ko ƙaiƙayi.

Masaƙar ta yi shiru. Uwani ta zaro hannunta ta juya shi. Bayan kwana tara tsagun suka rufe. Ta kira Kubura a waya tana dariya, ta ce yau ta matse lemun tsami da hannunta bai yi mata zafi ba.

Da kamfanin ya nemi waɗanda za a yi wa na jiki gaba ɗaya, gonar rana ya nufa. Mata ɗari shida ne a can, kowace da irin hannun Uwani. Da farko sun ƙi. Sun ga abubuwa da yawa da aka kawo musu kyauta daga cikin rumfa. Uwani ce shugabar rukuni na bakwai, ita ta riƙa bi layi-layi a lokacin hutun azahar tana miƙa musu tafin hannunta su taɓa.

"Ƙanwata ce ta haɗa," take ce musu. "Ni na goya ta. Za ta cuce ni ne?"

A watan Nuwamba aka ɗebo su a jirgi rukuni-rukuni, aka shigar da kowace cikin babbar masaƙa, daga goshi zuwa tafin ƙafa.

Ƙorafin farko da ya zo ba na ciwo ba ne. Matan sun lura idan suka zuba ruwa a jiki sai ya dunƙule ya gangare kamar a bayan agwagwa, suka fara tambayar matsayin alwalarsu. Malaman unguwa suka rabu biyu. Kubura ta rubuta bayani mai shafi uku cewa murfin yana da ƙofofi, danshi yana ratsawa. Kamfanin ya buga shi da hotuna ya raba. Wasu suka gamsu, wasu suka yi shiru don abin ya riga ya hau jikinsu.

Wata Juma'a a farkon Afrilu Kubura ta je cin abincin rana a gidan Uwani da ke Bakin Rumfa, unguwar ma'aikata wadda inuwar birnin ba ta kai mata sai da yamma. Ta saka rigar sanyi a ƙarƙashin mayafinta, irin wadda mutanen cikin rumfa suke sawa idan za su fita, mai zagaya ruwan sanyi a jiki. Ta tarar da Uwani a madafi tana tuƙa tuwo. Maƙwabciyar da ta shigo aron rariya ta jiƙe sharkaf, tana share wuya da gefen zani. Uwani kuwa tana tsaye a kan tukunya mai tururi, goshinta a bushe ƙayau, yana sheƙi.

Kubura ta kai hannu ta taɓa mata kumatu. Sai da ta janye, kamar ta taɓa murfin tukunyar.

"Yaya, yaushe rabonki da gumi?"

"Ai na huta da shi. Wata guda ke nan ko fi. 'Yan rukuninmu har murna suke yi, ba warin hammata." Ta ɗaga muciya ta karkaɗe. "Ciwon kai ne dai yake damuna da rana. Da jiri kaɗan. Tsufa ne."

Kubura ta ci loma uku. Kafin ta tafi ta ce tana so ta kankari fata kaɗan daga bayan hannun yayarta, don duba na wata shida. Uwani ta miƙa mata hannu ba tare da ta daina magana da maƙwabciyar ba.

Washegari da safe ta saka samfurin a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Ta nemi ƙofofin ba ta gan su ba. Ta ɗauko sabon Lulluɓi ta shimfiɗa a kan fatar gwaji, ta saka a akwatin zafi ta murɗa shi zuwa hamsin. Cikin kwana huɗu ta ga abin da idonta. Bakteriyar da take saƙa layi ɗaya a mako huɗu a cikin sanyin ofis, a cikin zafi ninkuwa take yi, tana saƙa layi a kan layi. Ƙofar layin sama ba ta dacewa da ta ƙasa. Gishirin gumi yana cike 'yar hanyar da ta rage.

Gumi ba ƙazanta ba ne, ko da yake masu tallan turare sun daɗe suna nuna shi haka. Idan jiki ya ɗauki zafi, ruwa yake turowa saman fata, iska ta busar da shi, ya tafi da zafin. A wurin da iskar kanta ta fi jini zafi, mutum ba shi da wata hanyar sanyaya kansa sai wannan. Ɗalibin aji ɗaya a makarantar likita ya san haka. Kubura ma ta sani. Abin da ba ta yi ba shi ne ta gwada aikinta a inda yayarta take tsayawa. Duk mutum ɗari biyun da aka gwada, babu wanda ya taɓa yin awa guda a wajen rumfa.

Ta hau hawa na arba'in ta samu manajan kamfanin, Alhaji Sallau Garko. Ya saurare ta har ta gama, ya kalli hotunan ɗaya bayan ɗaya.

"Akwai wadda ta mutu?"

"Babu, ranka ya daɗe. Amma zafin bana bai kai ƙarshe ba. A tsayar da aikin gonar, ko a mayar da su inuwa."

"A tsayar da gonar, birni ya zauna ba wuta?" Ya ture allon gefe. "Dakta, saura kwana goma sha takwas a buɗe kasuwar Lulluɓi. Idan maganar nan ta fita yau, hukuma za ta rufe ɗakin bincikenki kafin la'asar. To wa zai nemo maganin cirewa? Ke kaɗai kika san yadda aka ƙulla shi. Ki nemo mana abin wankewa, mu kira su a hankali mu ce sabuntawa za a yi musu. Ba wanda zai tsorata, ba wanda zai cutu."

"Idan ban samu da wuri ba fa?"

"Ke da kika haɗa? Za ki samu."

Maganarsa tana da kan gado, kuma Kubura tana so ta kasance gaskiya. Ta sauko ta kulle kanta a ɗakin bincike. Ta gwada asid ɗin salisilik, wanda ake sa wa a maganin ƙuraje don ya ɓare matacciyar fata, ya zame a kan murfin bai kama ba. Ta gwada yuriya mai ƙarfi, irin wadda ake tausasa faso da ita. Ta gwada maganin kashe bakteriya, ya kasa ratsa abin da bakteriyar ta lulluɓe kanta da shi. Ta yi murfin da kyau ƙwarai.

A rana ta biyar ta kira Uwani a lokacin hutun azahar. Tana jin hayaniyar mata a bayanta da ƙarar bokitai.

"Yaya, ina so ki ɗauki hutu. Mako biyu. Ki zo ki zauna a wurina."

"Hutu a Afrilu? Auta, kin san lokacin da aka fi buƙatarmu ke nan. Mata arba'in ne a ƙarƙashina."

"Na ga kin rame ne."

"Ni? Ban taɓa yin kyau irin na bana ba." Sai muryarta ta sauka. "Ko wani abu kika gani a fatar da kika kankara? Faɗa mini."

Kubura ta riƙe wayar. Ta san idan ta faɗa, Uwani ba za ta taho ita kaɗai ba. Za ta hau kan bokiti ta sanar da rukuni na bakwai, kafin yamma mata ɗari shida sun ji. Kuma za su ji daga bakin matar da ta bi su layi-layi tana cewa ƙanwarta ba za ta cuce ta ba. Ta lissafa cewa kwana huɗu ko biyar kawai take buƙata.

"Ba komai, Yaya. Ki dai riƙa shan ruwa da yawa. Ki riƙa shiga inuwa."

"Ruwa kam ina sha har cikina ya yi ƙarar tulu. Sai Juma'a, zan yi miki dambu."

Ranar Talata ma'auni ya nuna hamsin da uku a gonar rana. Da misalin ƙarfe ɗaya mata suka fara zubewa a tsakanin allunan. Waɗanda suka gani sun ce Uwani ta ɗauki biyu ta kai su ƙarƙashin tankin ruwa, ta koma ɗauko ta uku, sai ta tsaya tana kiran sunan mahaifiyarsu da ta rasu shekara talatin, tana cewa a sauke tukunyar ta ƙone. Daga nan ta faɗi. Mata goma sha ɗaya aka kwasa zuwa asibitin unguwa. Likitoci suka tsoma su cikin ƙanƙara. Bakwai suka farfaɗo. Uwani tana cikin huɗun da ba su tashi ba.

A safiyar wannan Talatar ce haɗin da Kubura ta yi na goma sha tara ya fara cin murfin a kwanon gwaji.

A cikin jirgin da ya kai ta Bakin Rumfa, ta tura sakamakon binciken gaba ɗaya zuwa wayar kowace ma'aikaciya da ke rajistar gwajin, da bayani cikin Hausa mai sauƙi: kada kowa ta fita rana gobe. Alhaji Sallau ya kira ta sau bakwai ba ta ɗauka ba. Kafin ta sauka kamfanin ya fitar da sanarwa yana jajanta wa iyalan waɗanda zafin rana ya kashe, ya kuma ce za a sayar da Lulluɓi ga mazauna cikin rumfa kaɗai, inda aka tabbatar ba shi da illa. Wannan ma gaskiya ne.

Gidan ya cika da mata. Da ta shigo sai hayaniyar ta ɗauke. Babu wadda ta zage ta. Hanya suka ba ta, faffaɗa, fiye da yadda take buƙata.

Goggo Tasalla, ƙanwar mahaifinsu, ita take wankan gawa a unguwar, aikin da ta fara tun kafin a gina rumfar. Ta leƙo daga ɗakin ta yafito ta.

"Shigo, 'yar nan. Ke ce makusanciyarta. Ki riƙe mini buta."

An kwantar da Uwani a kan katako, an rufe ta da zani. Akwai bahon ruwan magarya, da wani na kafur, da likkafani a naɗe a gefe. Goggo ta yi bisimilla, ta ɗaga hannun dama ta ce a zuba. Kubura ta karkata butar. Ruwan ya sauka a kan hannun ya dunƙule ƙwaya-ƙwaya, ya gangara ƙasa. Goggo ta shafa wurin da yatsa. A bushe yake. Ta sa sabulu ta cuɗa, kumfar ta zame ta bar fatar tana sheƙi, lafiyayya, ba tsaga ko ɗaya. Ta sake. Ta sake na uku.

"Shekara arba'in da biyu ina wannan aikin," ta ce, ba ta ɗago ba. "Na wanke wadda wuta ta ƙona. Na wanke wadda ta kwana uku a rijiya. Ban taɓa samun wadda ruwa ya ƙi ba. Akwai abin da zai cire shi?"

"Akwai, Goggo. Yau na samu. Amma kwana tara yake ɗauka."

"Kwana tara."

Goggo ta aika a tambayo liman da ke zaune a ƙofar gida tare da maza. Saƙo ya dawo cewa a zuba mata ruwan yadda aka saba, a ƙara da taimama, Allah ya san abin da aka iya. Suka bi gaɓoɓin ɗaya bayan ɗaya, dama sannan hagu, ruwan yana gudu daga jikin yana taruwa a ƙarƙashin katako. Da suka gama, Goggo ta bugi ƙasar da aka kawo a faranti ta shafa wa Uwani a fuska da hannuwa. Ƙasar ma ba ta zauna ba. Ta zube a kan zanin.

Goggo ta daɗe tana kallon fuskar. Sannan ta juyo, ta kama hannun Kubura a wuyan hannu, riƙo mai ƙarfi irin na wadda ta saba juya gawa. Ta ɗauki butar da ɗaya hannun ta tsiyaya mata sauran ruwan.

Ruwan ya bazu a bayan hannun Kubura, ya shiga tsakanin yatsu, ya jiƙa bakin hannun rigarta. Fatar ta yi duhu da danshi.

"Ke ba ki shafa ba," in ji Goggo.

"Ni… fatata ba ta da matsala, Goggo. A ofis nake aiki."

Goggo Tasalla ta saki hannun. Ta ajiye butar a ƙasa a hankali, ta jawo likkafanin ta fara warwarewa.

"Goge hannunki," ta ce. "Kada ki jiƙa mata shi."